Wuta na nan, waya ce ta cika: yadda Holan ke lallashin manyan kamfanoni su kauce wa lokacin cunkoso

A ƙasar Holan da wuya mutum ya ga an ɗauke wuta, amma akwai kamfanoni sama da 10,000 da ke jiran a haɗa musu lantarki ko a ƙara musu ƙarfinta, wasu shekara da shekaru. Cikin dabarun da hukumomi suka fi dogara da su akwai roƙon manyan masu shan wuta su riƙa sassauta amfani da ita a wasu sa'o'i, a biya su.

Ƙasa mai arziki haka, me ya kawo mata wannan matsala?

Injinan samar da wuta sun wadata, hanyar da wutar za ta bi ce ta yi kaɗan. Kowace waya da kowace taransifoma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In aka ɗora mata fiye da kima sai ta ɗau zafi, na'urar kariya ta katse layin. An shimfiɗa layukan Holan ne a zamanin da gidaje ke girki da ɗumama ɗaki da iskar gas da ake haƙowa a lardin Groningen. Haƙar gas ɗin ta jawo girgizar ƙasa da ta tsattsage gidajen mutane, aka dakatar da ita a 2023, aka rufe filin da doka a 2024. Ga kuma tashin farashin gas bayan Rasha ta afka wa Ukraine a 2022. Sai kowa ya koma lantarki lokaci guda: motoci, injinan ɗumama gida, masana'antu, cibiyoyin adana bayanan intanet, ga farantan sola birjik a kan rufin gidaje da gonaki.

A watan Yunin 2022 kamfanin TenneT, mai kula da manyan layukan ƙasar, ya sanar da cewa ya dakatar da haɗa sababbin manyan kwastomomi a lardunan Brabant ta Arewa da Limburg. Nan ne hankalin 'yan siyasa ya tashi.

To me ya hana a ƙara wayoyi kawai?

Ana ƙarawa, biliyoyin Yuro ake kashewa kowace shekara. Amma babbar tashar rarraba wuta kan ci kusan shekara 10 kafin ta fara aiki, kuma yawancin lokacin a neman fili da izini da shari'ar maƙwabta yake tafiya. Ma'aikatan lantarki ma ba su isa ba.

Ina ruwan manyan kamfanoni a ciki?

Layin da ake cewa ya cika, ba kullum yake cike ba. Sa'o'i ƙalilan ne a shekara: yammacin hunturu daga ƙarfe 4 zuwa 9, lokacin da mutane suka dawo gida suka kunna murhu da ɗumama suka jona mota, masana'antu kuma ba su tashi ba. Sai kuma tsakar rana a watannin da rana ke ƙwallewa, inda sola ke turo wuta fiye da yadda waya za ta iya kwasa. Sauran lokaci akwai sarari.

Tsohuwar yarjejeniya kuwa ta bai wa kamfani haƙƙin jan duk ƙarfin da ya yi rajista dare da rana, dole a ajiye masa gurbin ko bai taɓa shi ba. Kamar a ware wa tirela rabin titi har abada ne, alhali in ta yarda ta shigo gari bayan isha'i kowa zai wuce. Masana'anta guda da ta sauke megawat 20 na 'yan sa'o'i na iya buɗe wa ƙananan kasuwanci da yawa ƙofa. Kuma yin magana da kamfani ɗaya ya fi bin gida dubu sauƙi.

A aikace, yaya kamfani ke sassautawa ba tare da ya yi asara ba?

Ɗauki ɗakin sanyi da ake ajiye kifi ko dankali daskararre. Da hantsi manaja zai sa injina su ƙara wa ɗakin sanyi fiye da yadda aka saba. Ƙarfe 4 na yi sai a kashe mafi yawansu, a taƙaita buɗe ƙofa. Kayan da kansu sun riƙe sanyin, kafin ɗakin ya fara sakewa lokacin cunkoso ya wuce. Ba kifin da ya lalace, ba ma'aikacin da aka sallama.

Manoman tumatir da furanni na gidajen gilashi a yankin Westland kan rage fitilunsu ko su tayar da injinansu masu samar da lantarki da gas. Masana'antar tutiya ta Nyrstar da ke garin Budel na iya rage wutar da take tace tutiya da ita ta sake ƙarawa. Masu bas da manyan motocin lantarki sai su bar caji zuwa tsakar dare. Wasu kuma batir suke girkewa, su cika shi lokacin da layi ke da sarari.

Ba kowa ke iyawa ba. Tanderun gilashi in ya huce an tafka asara, asibiti kuwa ba a ma tayar da zancen.

Me suke samu?

Akwai yarjejeniyar da kamfani ke amincewa a rage masa ƙarfi idan an sanar da shi kwana guda kafin nan, a biya shi diyya. Akwai kasuwar GOPACS ta intanet, wadda kamfanonin layi suka kafa tare, inda mai iya sassautawa ke faɗin farashinsa. Daga 2025 kuma hukumar ACM mai sa ido kan kasuwar makamashi ta ba da damar wata sabuwar yarjejeniya a manyan layukan TenneT: kwastoma na da tabbacin wuta kashi 85 cikin 100 na lokaci, a sauran kashi 15 ana iya taƙaita shi, shi kuma a yi masa rangwame a kuɗin layi. Ga wanda ya gaji da jira, wuta mai sharaɗi ta fi babu.

Lallashi ba shi kaɗai ba ne. A yankin da ya cunkushe, doka ta yarda a tilasta wa masu ƙarfin da ya wuce megawat 1 su gabatar da tayin sassautawa.

Wannan ba shi ne rabon wuta irin namu ba, aka canza masa riga?

A'a. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ba a shawartarsa, ba a gaya masa lokaci, ba a biyansa. Yana tsakiyar aiki wuta za ta tafi, ya ruga ya tayar da janareto. A Holan kamfani ne ya sa hannu, ya san ranar, ya san awa nawa, ya san abin da zai karɓa. Ciwon ma daban: abin da ke isa layin Najeriya yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 ne ga mutum sama da miliyan 200, wato ƙarancin na kowane lokaci ne, babu wata sa'a mai yalwa da za a ce a koma. Abin da ya fi kusa da tsarin Holan a nahiyarmu shi ne na kamfanin lantarki na Eskom a Afirka ta Kudu, inda ake da yarjejeniyar rage wa masana'antun narkar da alminiyam wuta idan layi ya matsu.

Dabarar ta yi aiki?

Ta yi, amma ba yadda aka zata ba. A Brabant da Limburg an sake buɗe ƙofa a watan Satumban 2022 bayan an gano gurbi ta wannan hanya, sai dai buƙatun da suka biyo baya sun cinye shi. Kamfanoni da yawa sun noƙe: mai gidan burodi sana'arsa burodi ce, ba cinikin lantarki ba, kuma in diyyar ba ta kai asarar tsayar da injin ba, ba zai kula ba. A ganina duk wanda ya ɗauki sassautawa a matsayin madadin waya ya yaudari kansa. Lokaci take saya kafin a gama gini.

Gurbin da aka samu ma ya haifar da wata rigima, ta wa za a fara bai wa. Da can wanda ya riga zuwa shi ake haɗawa. A 2024 ACM ta fito da tsarin fifiko: masu taimakawa wajen rage cunkoso su ne a gaba, sai harkar tsaro da asibitoci, sai buƙatun yau da kullum irin su ruwan sha da makarantu, sauran kamfanoni kuma su ci gaba da jira.