Tafkin Titikaka: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin zuwa

Ina tafkin yake, kuma su wa ke zaune a bakinsa?

Titikaka yana kan tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, iyakar Peru da Bolibiya ta ratsa shi. Saman ruwansa yana wajen mita 3,810 sama da teku, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 8,000, inda ya fi zurfi kuma ya kai kusan mita 280. Mazauna gaɓarsa da tsibiransa galibi Aymara ne da Quechua, sai ƙabilar Uros da ke zaune a kan ruwan. Tun kafin daular Inka an yi daular Tiwanaku a kudu da tafkin, wadda ta rushe wajen shekarar 1000, kufanta na nan a Bolibiya. Su kuwa Inka, tatsuniyarsu ta ce kakanninsu Manco Cápac da Mama Ocllo daga wannan ruwan suka fito.

Ta ina ake bi?

Ƙofa biyu ce: Puno a ɓangaren Peru, da Copacabana a ɓangaren Bolibiya. Hanya mafi sauri ita ce jirgin sama daga Lima, babban birnin Peru, zuwa Juliaca, sannan mota ta kimanin awa ɗaya zuwa Puno. Ita ce kuma mafi muni ga jiki, domin Lima a bakin teku take, cikin awa biyu mutum ya tsinci kansa a mita 3,800. Gara a fara sauka Arequipa, mai tsayin wajen mita 2,300, a kwana biyu, sannan a hau bas. Wanda ya biyo ta Cusco, mita 3,400, tafiyar awa bakwai zuwa takwas ce a bas. Mai zuwa daga birnin La Paz na Bolibiya zai tsallaka mashigin Tiquina: fasinjoji su sauka su shiga ƙaramin jirgi, bas ɗin a ɗora shi kan wani faffaɗan jirgin katako.

A duba labaran yankin kafin a sayi tikiti. A farkon 2023 zanga-zanga ta rufe hanyoyin Puno da filin jirgin Juliaca na tsawon makonni.

Wane irin ciwo ne tsayin ke jawowa?

A can suna kiransa soroche. A wannan tsayin, kowane numfashi yana shigar da kusan kashi biyu bisa uku ne na iskar da ake samu a bakin teku. Alamun sukan fara awa 6 zuwa 12 bayan isowa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, barci a gutsuttsure. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa. Ɗan ƙwallo kan kwanta, tsohuwa ta wuce lafiya. Ranar farko a huta, a ci abinci mara nauyi, a sha ruwa sosai, kada a hau tudu. Ƙa'idar likitoci ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Akwai maganin acetazolamide, wanda akan sha miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma sai likita ya rubuta.

Alamu uku ba a yi musu jinkiri: haki alhali mutum na zaune, tari mai kumfa, da tangaɗi ko ruɗewa. Ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ke kumbura. A ba shi iskar asibiti, a sauko da shi ƙasa a ranar, ko da dare ne.

Mai sikila fa?

Wannan ta fi shafar mu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa can. Ƙarancin iska yana lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai SS, ciwon ya tashi nesa da asibitin da ya san shi, saboda haka wannan ba tafiyarsa ba ce sai likitansa ya amince. Mai AS ma, wanda bai taɓa jin komai ba a gida, jini kan iya toshe masa a saifa a irin wannan tsayin. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin hagu. Wanda bai san nau'in jininsa ba, wato ko AA ne, AS ko SS, ya gwada kafin ya biya kuɗin jirgi.

Gaskiya ne akwai tsibiran da ke yawo a kan ruwa?

Gaskiya ne, sai dai a ɗaure suke. Uros suna gina su da totora, wata ciyawar ruwa mai tsawo da ta yi kama da kacalar fadamun Haɗejiya. Saiwoyinta sukan cure da laka su zama dunƙule mai kaurin mita ɗaya zuwa biyu, wanda ke tasowa sama idan ruwa ya ƙaru. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a kafa sanda a kowace gunduwa, a ɗaure su da igiya har saiwoyin su sake kama juna. A kai ake shimfiɗa ciyawar, jeri ɗaya a tsaye, na gaba a gicciye, har ta yi tudu. Sannan a ɗaure tsibirin da dogayen itatuwan turare da aka kafa a ƙasan tafkin, don kada iska ta tafi da shi. Ƙasan kullum ruɓewa yake, don haka duk bayan 'yan makonni sai an ƙara sabon jeri, musamman da damina. Tsibiri kan yi shekara ashirin da biyar zuwa talatin. Murhu a kan dutse ake ɗora shi, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gari. Farin gindin ciyawar ma ana ɓare shi a ci.

Da can tsibiran suna can cikin tafkin ne. Bayan wata guguwa a 1986 da yawa suka matso kusa da Puno, tafiyar rabin awa a jirgi. Harshensu na asali ya ɓace, yanzu Aymara da Sifaniyanci suke yi. Gaisuwar ita ce "kamisaraki", a amsa da "waliki".

Ba wasan kwaikwayo ba ne don baƙi?

Wani ɓangare haka ne, ba sai an ɓoye ba. Ziyarar awa uku tsararriya ce: bayani, waƙa, tallar saƙa, sai yawo a kwale-kwalen ciyawa wanda kuɗinsa daban yake, don haka a tambayi farashi kafin a taka. Amma ginin na gaske ne, aikin gyaransa ma na gaske ne, kuɗin baƙi kuma shi ke sayen allon sola da littattafan makaranta. Kuskuren shi ne a tsaya nan a ce an ga Titikaka.

To ina ya kamata a kwana?

Amantaní ko Taquile, tsibiran ƙasa da dutse, kimanin awa uku daga Puno a jirgi mai tafiyar hawainiya. A Amantaní iyalai ne ke karɓar baƙi bi da bi. Akwai tuddai biyu masu tsofaffin wuraren bauta, Pachatata da Pachamama, da suka haura mita 4,100. Kada a hau su sai jiki ya saba. Taquile kuwa, mai mutum wajen 2,000, saƙarta ce UNESCO ta ayyana cikin gadon duniya a 2005. Maza ne ke saƙa hula da allura tun suna yara, mata suna saƙa ɗamara. Jar hula ta mai aure ce, mai ja da fari ta saurayi. Babu mota, kuma ɗaya daga cikin mashigan tsibirin yana da matakala fiye da 500.

A biya mai masauki hannu da hannu idan da hali, domin abin da ke isa gare shi ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido kan zama kaɗan. A Taquile al'umma ce ke tsayar da farashin saƙa, ba a taya shi. Tsaraba mai amfani ita ce shinkafa, man girki da 'ya'yan itace. Alewa da kuɗi a hannun yara suna koya musu bara. A nemi izini kafin ɗaukar hoto. A taho da ƙananan sol, wato kuɗin Peru, babu na'urar cire kuɗi a tsibiran.

Wane lokaci ne ya fi, me za a ɗauka?

Rani daga Mayu zuwa Satumba: rana garau, dare kuma a Yuni da Yuli sanyi kan sauka ƙasa da sifiri, gidajen babu abin ɗumama ɗaki. Damina daga Disamba zuwa Maris. Bikin Candelaria na Puno a farkon Fabrairu yake, masauki kan cika tun da wuri. A ɗauki riguna masu kauri da za a iya jerawa a cire, hula, safar hannu, tabarau, man kare fata da tocila. Baƙar fata ma tana ƙonewa a ranar can.

Abinci fa, da ganyen koka?

Kifi ne mafita ga mai kiyaye halal: trucha, wani kifin ruwan sanyi da aka shigo da shi tafkin a ƙarni na 20, da miyar kinwa, wani hatsin yankin, da dankali iri-iri. Chicharrón galibi naman alade ne, chicha, abin sha na masara, kuma tana bugarwa. Ruwa yana tafasa a wajen digiri 87, shi ya sa shinkafa ke daɗewa a wuta.

Za a miƙo maka shayin ganyen koka, ganyen da ake yin hodar iblis da shi, a kusan kowane otal. Halastacce ne a dokar Peru da Bolibiya, amma yana iya fitowa a gwajin ƙwaya kwanaki bayan an sha, kuma ko ganye ɗaya aka samu a jakarka a filin jirgin wata ƙasa, batu ne na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Mai son shayi mai ɗumi ba tare da wannan rigimar ba ya nemi muña, wani ganye mai ƙanshin na'a-na'a.