Murjani mai manyan baki: bambance masu kama da juna

Murjani mai manyan baki rukuni ne na halittun teku masu ƙwarangwal na sinadarin kalsiyam, waɗanda kowane bakinsu ke da faɗi da tsoka mai kauri. Masu kiwonsu a tankunan gilashi na ruwan gishiri suna taƙaita sunansa na Turanci da haruffa uku, LPS. Rabon na 'yan kasuwa ne da masu kiwo; masana halittu ba sa aiki da shi. Akasarin waɗanda ake sayarwa daga tekun Indiya da Pasifik suke fitowa, musamman Indonesiya da Ostireliya, kuma cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin rataye na 2 na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai, wato sai da takardar izini. Murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ba ya cikinsu, shi jan murjani ne na Bahar Rum, danginsa daban.

Launi shi ne abin da ya fi yaudarar mai saye. Jinsi ɗaya kan fito kore, ko ruwan goro, ko ruwan zinare, kuma shuɗiyar fitilar da ake haska tanki da ita tana ƙara masa ƙyalli. Saboda haka masu ido a harkar sukan dubi abu uku: ƙarshen yatsun halittar, adadinsu, da ginin ƙwarangwal.

Tocila, guduma da ƙwan kwaɗo

Waɗannan nau'o'in murjani uku su aka fi rikitawa, domin dukansu suna da dogayen yatsu masu rangaji idan ruwa ya kaɗa. Na tocila, Euphyllia glabrescens, yatsunsa dogaye ne sirara, kowanne da ƙulli ɗaya tak a ƙarshe, sau da yawa mai launi dabam da na jiki, kamar kan ashana. Na guduma ƙarshensa a baje yake, ya lanƙwashe gefe biyu kamar kan guduma ko ƙwayar wake. Na ƙwan kwaɗo kuwa kowane yatsa ya yi rassa, ƙananan ƙulle-ƙulle sun bi jikinsa, shi ya sa taron yake kama da ƙwan da kwaɗo ke zubawa a kududdufi.

Matsalar tana zuwa ne idan an sauke su a shago bayan doguwar tafiya: yatsun sun ƙanƙance, ba a gane komai sai bayan kwanaki. A nan ƙwarangwal ke taimakawa. A ɓangaren guduma, Fimbriaphyllia ancora yana gina bango ɗaya mai lanƙwasa kamar zanen kogi, shi kuwa paraancora rassa yake yi, kowane reshe da kansa. Haka divisa da paradivisa suke a ɓangaren ƙwan kwaɗo. Mai rassa ya fi sauƙin rabawa, tunda ana iya yanke reshe ba a taɓa tsoka ba.

Da can duk Euphyllia ake kiransu. A 2017 wani binciken ƙwayoyin gado ya mayar da guduma da ƙwan kwaɗo cikin Fimbriaphyllia, tocila ya zauna a tsohon gida. Masu kiwo sun daɗe da ganin alamar hakan a aikace: guduma da ƙwan kwaɗo galibi suna zama kafaɗa da kafaɗa lafiya, amma in aka jingina musu tocila, harbinsa kan ƙone su. Shaguna da yawa har yau tsohon sunan suke rubutawa.

Goniopora da Alveopora

Waɗannan biyun kamar furanni a kasko suke, dogayen wuya da kai mai geza. Ƙidaya ce ke raba gardama: Goniopora yatsu 24 ne kewaye da baki, Alveopora 12. Ba ma dangi ɗaya ba ne duk da kamannin. Goniopora ya yi suna wajen ramewa sannu a hankali a tanki, don haka ƙidayar tana da amfani kafin a biya kuɗi.

Masu kama da saƙar zuma

A cikin masu dunƙulen jiki, bango ake dubawa. Idan kowane baki yana da bangonsa, da ɗan kwari tsakaninsa da maƙwabci, wannan shi ne abin da kasuwa ke kira Favia. Idan baki biyu suna tarayya a bango ɗaya kamar gidaje masu katanga ɗaya, Favites ne. Tun 2012 aka mayar da Favia na Indiya da Pasifik zuwa Dipsastraea, sunan Favia ya rage wa na Atlantika. Da rana tsoka kan kumbura ta rufe bangon, sai an jira ta saki kafin a gani sosai.

Irin wannan sauyin suna ya faru a 2016, lokacin da Acanthastrea lordhowensis ya koma Micromussa lordhowensis, shahararren Scolymia na Ostireliya kuma ya zama Homophyllia australis. Akwai kuma Heliofungia actiniformis, wanda dogayen yatsunsa masu farin kai kan sa a ɗauke shi tocila; shi baki ɗaya gare shi, ƙwarangwal ɗinsa faifai ne, kuma a kan yashi yake kwanciya ba tare da ya manne da dutse ba.