Ma'anar "gein", da dalilin da ya sa tsohuwar amfilifayar jita take huci

Tun da ƙananan mikisa, wato na'urorin haɗa sauti, masu araha suka cika kasuwa, kuma kowane matashi mai waya ya zama mai ɗaukar shiri a ɗakinsa, kalmar "gein" ta baro shagon mai gyaran rediyo ta shiga bakin kowa. Za ka ji mai gabatar da shiri a rediyo yana neman a ƙara wa wanda ya bugo waya gein domin muryarsa ba ta fita, kuma a wurin gangamin siyasa ko walimar aure mai sanarwa yakan juya wurin mai kula da na'ura ya ce, "Kai yaro, ƙaro gein, na baya ba sa ji." Abin da dukkansu suke nema shi ne ƙara, wadda makunninta daban yake, ana kiran sa boliyum ko masta. Da ruɗanin ya tsaya a fatar baki da ban ɗauki alƙalami a kansa ba, amma ya riga ya kai ga hannu, kuma inda ya fi yin ɓarna a nan Zariya shi ne kan tsofaffin amfilifayoyin jita, wato na'urorin ƙara wa jita sauti, masu aiki da taranzista, 'yar ƙwayar da ke ninka wuta, irin waɗanda ake shigowa da su gwanjo, su ƙare a coci-cocin Sabon Gari da Wusasa, ko a hannun ɗalibai makaɗa a Samaru, ko wurin masu ba da hayar kayan sauti. Kukan da ake yi da su ɗaya ne: da zarar an kunna, tun kafin a taɓa tsirkiya, sai sifika ta kama huci, shuuu, babu tsayawa. Shawarar da ake bai wa mai ita ma ɗaya ce, wato ya rage gein, alhali wannan rabin gaskiya ne, wani lokacin ma shi ke daɗa ɓata lamarin.

Gein ninki ne. Shi ne yawan ninkawar da wani mataki na na'ura ya yi wa siginar da ta shigo masa kafin ya miƙa ta gaba. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jita 'yar wuta kaɗan yake fitarwa, wajen kashi ɗaya cikin goma na bolt idan an kaɗa da matsakaicin ƙarfi, kuma wannan ba zai motsa sifika mai inci 12 ba, shi ya sa ake bi da ita mataki-mataki, kowane yana ninkawa. Ana auna ninkin da desibel, ma'aunin da ke ɗauke da sunan Alexander Graham Bell: desibel 6 kusan ninki biyu ke nan na bolt, desibel 20 ninki 10, desibel 40 kuma ninki 100. Shi kuwa boliyum yana can kusa da ƙarshen layi, aikinsa ya ƙayyade nawa daga cikin abin da aka riga aka ninka za a bari ya wuce zuwa sashen da ke tura sifika. Kunne yana jin ƙara ta ƙaru ko wanne aka murɗa, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali. Kamfanonin ma suna da nasu laifin. Peavey, kamfanin da Hartley Peavey ya kafa a Meridian ta jihar Mississippi a 1965, ya rubuta "Pre Gain" da "Post Gain" a fuskar tsofaffin amfilifayoyinsa samfurin Bandit, alhali na biyun aikin boliyum kawai yake yi. Wanda ya koyi kiɗa a gaban irin wannan na'ura ba zan ga laifinsa ba idan ya ɗauka kowane makunni mai ƙara sauti gein ne.

Huci kuwa ba gein ke haifar da shi ba, yana nan tun kafin a ninka komai. A 1926 wani masani a ɗakin bincike na Bell a Amurka, John B. Johnson, ya gano cewa kowace razista, wato 'yar ƙwayar da ke rage gudun wuta a cikin na'ura, ko da ba a haɗa ta da batir ba, tana fitar da 'yar hayaniyar wuta saboda zafi yana sa ƙwayoyin lantarkin da ke cikinta kai-komo ba ƙaƙƙautawa, kuma a 1928 abokin aikinsa Harry Nyquist ya fitar da lissafin abin. Razista mai om 10,000 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta) a zafin ɗaki tana ba da hayaniyar da ta kusa maikurobolt 2 a faɗin sautin da kunnen mutum ke ji, kuma maikurobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Taranzista tana ƙara nata a kai, irin wanda Walter Schottky ya bayyana tun 1918, wanda ke fitowa daga yadda wuta take tsallaka mahaɗa ɗis-ɗis. Babu mai gyaran da zai kawar da waɗannan, iyakarsa ya hana su girma. Na sha jin ana ɗora laifin a kan zafin bazararmu, to amma lissafin Nyquist da ma'aunin zafi na Kelvin yake aiki, wanda ke fara ƙirga daga can ƙasa da sifili, kuma daga digiri 25 zuwa digiri 40 hucin razista ba ya ƙaruwa da ko kashi 3 cikin ɗari. Ɓarnar zafi a wani wuri take, wurin busar da manyan kafasita, wato ƙwayoyin da ke tara wuta su tace ta, kuma ciwon da wannan ke jawowa sautinsa daban ne.

Abin da ya kamata mai jita ya riƙe shi ne ƙa'idar da Harald Friis ya rubuta a 1944, cewa a jerin matakai masu ninkawa, matakin farko ne ke yanke yawancin hayaniyar da za a ji a ƙarshe, muddin ya ninka siginar sosai. Duk wanda ya taɓa kai takarda wurin masu fotokwafi na bakin Jami'ar Ahmadu Bello ya ce a faɗaɗa masa ita ya san cewa ɗigon dattin da ke kan gilashi tare da rubutun yake girma, kuma idan aka ɗauki kwafin aka sake faɗaɗawa, ɗigon farko ya ninku sau biyu, wanda ya hau daga baya kuwa sau ɗaya. Haka hucin matakin farko yake bi ta kowane ninki da ke gabansa.

A ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi. Jita tana ba da milibolt 100, ƙofar amfilifaya, wato inda siginar jita ke shiga, kuma tana da hucin maikurobolt 5, ka ga sigina ta fi huci sau 20,000, wajen desibel 86, kuma a haka sai mutum ya kai kunnensa bakin sifika kafin ya ji wani abu. Sai makaɗi ya murɗe makunnin da ke jikin jitar har abin da take fitarwa ya koma milibolt 10, wataƙila don mai jan waƙa ya harare shi, daga baya kuma ya ga ba a jin sa, ya je ya ƙara gein ninki 10. Ƙarar kiɗan ta dawo yadda take, amma hucin ƙofa bai ragu ba sa'ad da ya rage jita, kuma yanzu an ninka shi sau 10, tazarar ta faɗo zuwa desibel 66. A wannan hali mai cewa a rage gein ya yi daidai, da sharaɗin a buɗe makunnin jitar gaba ɗaya tukuna.

Yanzu a juya misalin. Wani ya ji shawarar, ya mai da gein ƙasa-ƙasa, kiɗan ya yi rauni, sai ya buɗe masta har ƙarshe don ya cike giɓin. Siginar da ta bar matakin farko ƙarama ce, kuma a haka za ta ratsa sashen gyaran murya, wato makunnan tirebul da bes, ta ratsa sashen amsa-kuwwa, kowannensu yana zuba mata nasa hucin, sannan masta da ke buɗe ya miƙa duka ga sifika. Wannan mutum ya rage gein kamar yadda aka ce masa, hucinsa kuma ya ƙaru. Irin wannan saiti shi na fi gani a wuraren taro, kuma shi ya sa nake jin haushin shawarar da ake bayarwa ba tare da an kalli fuskar na'urar ba. Tsarin da ya dace shi ne a buɗe jita, a sauke masta, a riƙa ɗaga gein ana kaɗa tsirkiya da ƙarfi har sai sautin ya fara tsagewa, a ɗan dawo baya, sannan a nemi ƙarar da ɗakin ke buƙata da masta. Tsagewar tana faruwa ne idan sigina ta kai iyakar wutar da ke ciyar da matakin, wadda a yawancin masu aisi (IC, 'yar ƙwayar da aka dunƙule taranzistoci da yawa a cikinta) bolt 15 ce sama da ƙasa, kuma taranzista tana yanke kan siginar kai tsaye, ba ta lanƙwasa shi a hankali kamar yadda amfilifaya mai kwalba take yi. Wanda ke son wannan tsagaggen sauti da gangan, ya sani ya sayi huci tare da shi: kiɗan ya kai rufi ba zai ƙara girma ba, amma a tsakanin bugu da bugu hucin yana samun ninkin gaba ɗaya.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, ya kamata a tabbatar huci ne. Gurnani mai kauri, wanda ake ji a ƙirji, na wutar gari ne, wadda a Nijeriya take juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma yakan shigo ta wayar jita marar kyakkyawar kariya ko ta rashin wayar ƙasa a soket. Idan ya ɗan fi haka kaifi, wato sau 100, to manyan kafasitocin da ke tace wuta sun bushe. Ƙaraf-ƙaraf da ake ji idan an murɗa makunni ƙurar hunturu ce ta shige, fesa maganin wanke makunni ya isa. Idan an tabbatar huci ne, a zare wayar jita a saurara, domin idan ya ɗauke, laifin na waya ne ko na fedal, wato 'yar na'urar sauya sauti da makaɗi ke takawa da ƙafa. Idan yana nan, a sauke boliyum har ƙasa: hucin da ya bi boliyum ya sauka yana fitowa ne daga matakan da ke kafin makunnin, wanda ya tsaya kuwa daga bayansa yake.

Akwai kuma hucin da aka haifi na'ura da shi. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975 da sifika biyu masu inci 12 da wat 60 ga kowace, ta yi suna a duniya da tsabtar sauti, ta kuma yi suna da huci wanda masu ita ke ji ko da boliyum yana ƙasa. Mai irin wannan idan ya kai ta Sabon Gari ya ce, "Maigida, a cire mini hucin nan gaba ɗaya," mai gyara na gaskiya zai gaya masa iyakar abin da zai yiwu tun kafin ya karɓi kuɗin aiki.

Inda gyara ke da amfani, ba a manyan taranzistocin da ke manne da ƙarfen sanyaya ake farawa ba, ko da yake su ne aka fi saurin canzawa saboda su ido ke fara gani. A matakin farko ake farawa. Na'urorin Japan na shekarun 1970 da yawa suna ɗauke da taranzista 2SC458, wadda aka san ta da yin hayaniya idan ta tsufa, kuma masu gyara sukan maye gurbinta da KSC1845, sai dai a duba jerin ƙafafun kafin a sa dalma. Tsofaffin razistocin gawayi suna ƙara nasu hucin idan wuta na bi ta cikinsu, kuma sauya na kewayen matakin farko da masu fatar ƙarfe aiki ne mai araha. Batun aisi shi ne inda ake yawan asarar kuɗi. An ji cewa aisi NE5532 tana da hayaniyar nanobolt 5 (nanobolt kashi ɗaya ne cikin dubu na maikurobolt) a ma'aunin da aisi TL072 take da 18, sai a cire TL072 a sa NE5532, a kunna, a ji babu bambanci ko ma ya ƙaru. Dalili shi ne ƙofar amfilifayar jita tana da turjiya mai yawa, sau da yawa om miliyan ɗaya, kuma NE5532 tana jan 'yar wuta mai hayaniya ta ƙafafun shigarta, wadda ke zama huci idan ta bi ta babbar razista, abin da TL072 kusan ba ta yi. Ban da haka, idan akwai razista mai om 68,000 a jere da ƙofar, ita kaɗai tana ba da wajen nanobolt 33 a wannan ma'auni, ta rufe aisin ko wacce ce. NE5532 ta fi dacewa da matakan ciki masu ƙananan razistoci, a gurbin tsohuwar aisi 4558, kuma ko a nan sai an tabbatar sashen wuta zai ɗauke ta, domin ta fi cin wuta.

Gein ɗin da ke cikin allo, wanda babu makunninsa a waje, razista biyu ne ke yanke shi a matakin aisi da aka fi amfani da shi: a raba wadda ke dawo da sigina baya da wadda ke zuwa ƙasa, a ƙara ɗaya. Om 100,000 a kan om 1,000 ninki 101 ke nan, kusan desibel 40, kuma idan aka mai da ta ƙasan om 2,200 ninkin ya sauka zuwa wajen 46. Wannan yana taimakon na'urar da ta fi ƙarfin ɗakin da take aiki, wadda ba a iya ɗaga makunninta sama da 2, amma yana rage kiɗa da hucin ƙofa daidai wa daida, tazararsu ba ta canzawa. Abin da ke rage hucin fiye da kiɗan shi ne ƙaramar kafasita a kan razistar dawowa. Fikofarad 220 (ma'aunin girman kafasita ke nan) a kan om 100,000 yana fara sauke ninkin daga wajen Hz 7,200, wato sautin da ke kaɗawa sau 7,200 a daƙiƙa, zuwa sama, yankin da kunne ya fi tsinkayar kaifin huci, alhali sifikar jita kanta ba ta fitar da abin kirki sama da Hz 5,000 zuwa 6,000. Idan aka wuce gona da iri aka sa fikofarad 1,000, yankewar ta sauko wajen Hz 1,600, jitar ta koma kamar an rufe ta da bargo. Duk wannan aiki ana yin sa ne bayan an zare filogi, an kuma sa mita an tabbatar manyan kafasitocin sun sauke wutar da suka tara, domin sukan riƙe ta bayan an kashe na'ura.