Ƙwaƙwalwar Matashi da Hukuncin Doka: Kira ga Iyaye

A watan jiya aka kawo wani yaro ɗan shekara 16 asibitin da nake aiki, da karaya a cinya da tsaga a goshi, bayan ya faɗi a wasan babur wajen rakiyar amarya. Ina cikin wanke masa raunin, mahaifinsa yana tsaye a kansa, hula a hannu, yana cewa, "Malama, wallahi yaron nan ya san illar abin, domin da bakinsa ya hana ƙaninsa hawa babur ɗin nan." Na gaskata shi. Yaron ya sani sarai, abin da ya gagare shi kawai shi ne aiki da sanin a daidai lokacin da abokai ke masa tafi da kirari.

Wannan yana da tushe a halittar ƙwaƙwalwa. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke auna abin da zai je ya dawo, yake kuma danne zuciya idan ta tunzura, shi ne na ƙarshe wajen nuna, kuma ba ya kammala sai mutum ya doshi shekara 25. Sashen da ke can ciki kuwa, mai kula da sha'awa da son burgewa, tun farkon balaga yake farkawa da ƙarfinsa. Doki ke nan ya ƙoshi alhali maƙeri bai gama ƙera linzami ba. A 2005, masanin halayyar ɗan Adam Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka da abokiyar aikinsa sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban sa'o'insu. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ƙara kasada sosai da zarar abokai suna kallo, manya kuwa kusan ba abin da ya canza a tuƙinsu.

Sai dai kada a ɗauka matashi ba shi da hankali. Idan aka zaunar da ɗan shekara 16 cikin natsuwa, aka ba shi bayani da lokaci, tunaninsa yakan kusanci na babba, shi ya sa ba na yi wa matashi magani ba tare da na yi masa bayani na kuma ji ta bakinsa ba, ko da iyayensa ne za su sa hannu. Rauninsa yana bayyana ne a cikin zafi: fushi, zuga, gaggawa, tsoro. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da rarrabe balaga da rushdi, domin ba a danƙa wa maraya dukiyarsa don jikinsa ya girma kawai, sai an jarraba an ga ya iya riƙo.

Kotun Ƙolin Amurka ta yi la'akari da irin wannan ilimi. A 2005 ta haramta hukuncin kisa a kan wanda ya yi laifi kafin ya cika 18, a shari'ar Christopher Simmons, wanda ya yi kisa a jihar Mizuri yana ɗan 17. A 2012 kuma ta hana a wajabta wa yaro ɗaurin rai da rai marar damar sassauci. Kotun ba ta ce ba su da laifi ba. Ta ce halinsu bai gama kafuwa ba, don haka akwai fatan gyaruwa.

A Najeriya, dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ba ta ɗora wa yaron da bai kai shekara 7 ba alhakin laifi, tsakanin 7 da 12 kuma sai an tabbatar ya fahimci abin da ya aikata. A ganina wannan ya yi ƙasa ƙwarai, musamman da yake kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya ba da shawara a 2019 cewa kada shekarun su gaza 14. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, a sanar da iyayensa idan an kama shi, a kai shi kotun iyali, tsarewa ta zama mataki na ƙarshe, kuma ba a yanke masa hukuncin kisa. Kowace jiha da tata sigar dokar, Kano ma ta sa hannu a kan tata a 2023. Amma ba mu manta da Nuwamban 2024 ba, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Har yau hoton nan yana ci mini rai.

Yaron da ya yi ɓarna dole ya ɗauki alhaki, wanda aka cuta kuma a bi masa haƙƙinsa. Amma kulle ɗan shekara 15 da riƙaƙƙun masu laifi, a shekarun da ya fi kowa kwaikwayon na kusa da shi, kai shi makaranta ne ta mugun hali.

A gida, ku rage masa abin da zai yanke shawara a kai cikin zafi: makullin babur ya kwana a hannunku ranar biki, ku san da wa yake zama a majalisa, ku jira ya huce kafin ku yi masa faɗa. Sannan ku karɓo wa kowane ɗa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku adana ta, domin ranar da aka kama yaro mai tsayi da ƙasumba, takardar nan ce za ta nuna ko kotun yara za a kai shi ko ta manya.