Ma'ajiyar bishiya a manhajar Git

Ma'ajiyar bishiya, wadda masu rubuta Git ke kira cache-tree, wani ɗan sashe ne da ke cikin fayil ɗin index na Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen da ake yi wa fayiloli; index shi ne jerin abubuwan da aka shirya adanawa. Aikinta shi ne riƙe hatimin foldodin da ba a taɓa ba, wato lambar da ake lissafawa daga abin da ke cikin kowace folda, domin kada a sake lissafa su duk lokacin da za a adana sabon sauyi. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiri Git a watan Afrilun 2005 don kula da rubutun Linux, sannan Junio Hamano, wanda ya karɓi ragamar manhajar a wannan shekarar, ya ƙara wannan ma'ajiya a 2006.

Matsalar da ta haifar da ita tana cikin tsarin Git kansa. Fayil ɗin index jeri ne miƙaƙƙe: kowane fayil da cikakken adireshinsa, ɗaya na bin ɗaya. Amma abin da ake adanawa a tarihi bishiya ce, kowace folda da nata hatimi, wanda ake samu daga sunaye da hatiman abubuwan da ke cikinta. Kafin a adana sauyi dole a mai da jerin nan ya zama bishiya. A ƙaramin aiki ba a ko jin nauyin hakan. A wuri irin rubutun Linux, mai fayiloli sama da dubu 70, sake lissafa kowace folda saboda gyaran layi guda asarar lokaci ce kawai.

Ana ajiye ma'ajiyar a ƙarshen index ƙarƙashin alamar TREE. Kowace folda tana da rubutu ɗaya: sunanta, yawan fayilolin da ke ƙarƙashinta, yawan ƙananan foldodin da ke cikinta, sai hatiminta, mai bayit 20 a tsarin lissafin hatimi na SHA-1 ko 32 a tsarin SHA-256. Wannan adadi na fayiloli shi ne sirrin saurin. Idan rubutun ya ce folda na da fayil 4,000 kuma hatiminta na nan daram, Git zai tsallake layi 4,000 na jerin gaba ɗaya, ba tare da ya leƙa ko ɗaya ba. Tun da alamar ta fara da babban baƙi, bisa ƙa'idar index ƙari ne wanda ba tilas ba: manhajar da ba ta gane shi ba tana iya yin watsi da shi, tarihi ba zai lalace ba, sai dai aiki ya yi nawa.

Kula da ma'ajiyar yana da fuska biyu, sokewa da sake cikawa. A ce mutum ya gyara fayil ɗin takardu/hotuna/tambari.png ya kuma ba da umarnin git add, mai shigar da gyaran cikin index. Nan take Git zai bi hanyar daga tushe, ya soke hatimin tushen, da na takardu, da na hotuna. Alamar sokewar ita ce a rubuta -1 a gurbin yawan fayiloli, a cire hatimin. Sauran foldodi, ko da dubu ne, ba abin da ya shafe su. Da aka zo git write-tree ko git commit, umarnin da ke rubuta bishiyar, foldodi ukun nan kaɗai za a sake lissafawa.

A nan ne haɗarin yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan aka soke fiye da kima, abin da aka rasa sauri ne kawai. Idan kuwa aka canza jerin aka manta ba a soke ba, ma'ajiyar za ta ba da tsohon hatimi, a adana tarihin da bai dace da abin da mutum ya shirya ba, kuma ba wani gargaɗi da zai fito. Shi ya sa masu rubuta Git suka gwammace su jefar da ita duk inda ake kokwanto, kuma gaskiyarsu ce. A cikin gwaje-gwajen manhajar akwai binciken da ke gwada ma'ajiyar da jerin don a kama irin wannan saɓani. Haka kuma muddin akwai rikicin haɗe rassa (layukan tarihi da ake aiki a kansu dabam-dabam) da ba a warware ba, ba a rubuta bishiya sam.

Wannan taka-tsantsan ya jawo nasa cikas: umarni da dama sun riƙa barin ma'ajiyar a soke ba su sake cika ta ba. Yawancin gyaran da aka yi daga baya a kan haka ne. A 2009 Hamano ya sa kwatanta index da tarihi ya riƙa tsallake foldodin da hatiminsu ya zo ɗaya. A 2014 David Turner, yana aiki a kamfanin Twitter, ya sa git checkout, umarnin sauya reshe, da git commit su bar ma'ajiyar a cike bayan sun gama. A 2018 Nguyễn Thái Ngọc Duy ya yi amfani da ita wajen hanzarta sauya reshe idan bishiyoyin sun yi daidai.

Manyan ayyuka ne suka ƙara fito da darajarta. Da Microsoft ya mai da rubutun Windows kan Git a 2017, fayilolin sun kai kusan miliyan 3.5. Daga irin wannan buƙata aka samu sparse index, wanda Derrick Stolee ya jagoranta, ya kuma shiga Git 2.32 a 2021. A wannan tsari, foldar da mutum ba ya aiki a cikinta ana naɗe ta ta koma layi ɗaya tak a index, kuma hatimin da ake sawa a layin daga ma'ajiyar bishiya ake ɗauko shi, don haka sai ta cika ta inganta kafin naɗewar ta yiwu.