Faust: Tambayoyi da amsoshi kan yaren kwamfuta na sarrafa sauti

Masu haɗa waƙa da masu ɗaukar wa'azi da shagalin biki a Maradi sun saba da Cubase da FL Studio da Audacity. Wasu daga cikinsu, musamman ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, sun fara tambaya ko mutum zai iya ƙera nasa abin gyaran murya maimakon ya dogara da na wasu. Zai iya, kuma Faust na cikin hanyoyi mafi sauƙi.

Malam, mene ne Faust ɗin nan?

Yaren rubuta manhaja ne da aka yi shi don sauti kawai. Yann Orlarey da Dominique Fober da Stéphane Letz suka fara shi a 2002, a cibiyar GRAME da ke birnin Liyon na Faransa. Kyauta ne. Kai za ka rubuta 'yan layuka, shi kuma ya juya su zuwa wasu yarukan kwamfuta, irin su C++ ko WebAssembly, har ya fitar maka da abin da za ka ɗora cikin manhajar haɗa waƙa ko a wayar Android.

Me ya bambanta shi da Python ko C da ake koyarwa a makaranta?

Nan ne gizo yake saƙa. A C kana ba kwamfuta umarni ɗaya bayan ɗaya: ajiye wannan, ƙara wancan, maimaita sau dubu. A Faust babu wannan. Hanyar da sautin zai bi kawai kake siffantawa, kamar magudanan ruwa a lambunan Jiratawa: wannan ya zuba cikin wancan, nan ya rabu biyu, can ya sake haɗuwa. Alamomi biyar ne ke wannan aiki. `:` jerawa, `,` ajiyewa gefe da gefe, `<:` rabawa, `:>` haɗewa, sai `~` mai mayar da abin da ya fita ya sake shiga.

Ga cikakkiyar manhaja: `process = *(0.5);` Duk abin da ya shigo ta makirfo za ta raba ƙarfinsa biyu, wato ragin desibel 6 ke nan a ma'aunin ƙarfin sauti. Iyakarta ke nan, kuma tana aiki. A ganina wanda ya ƙware a C ya fi shan wahala a farko fiye da mai gyaran rediyo da ya saba haɗa wayoyi, domin shi na biyun da ma haka yake tunani.

Sai na iya lissafi sosai?

Tarawa da ninkawa sun isa farawa. Abin da ba makawa shi ne ka gane cewa a wurin kwamfuta sauti jerin lambobi ne, 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa. Idan ka jinkirta sauti da lambobi 24,000 a gudun 48,000, ka jinkirta shi da rabin daƙiƙa. Daga nan amsa-kuwwa ta samu: `process = + ~ (@(24000) : *(0.5));` Muryar za ta riƙa dawowa, kowane zagaye da rabin ƙarfin na baya, har ta ɓace. Amma a kula: idan ka mayar da 0.5 ɗin nan ya haura 1, ƙarar za ta yi ta hauhawa ba tsayawa. Ka rage lasifika, ka cire abin kunne kafin kowane gwaji.

Wane amfani zai yi mini a nan garin?

Ɗauki gurnanin nan da ke shiga faifan wa'azi idan an jona na'ura da wutar gari ko janareto. Wutarmu a Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa gurnanin yake zaune a kan 50, da 'ya'yansa a 100 da 150. Cikin ɗakin kayan aikin Faust, `stdfaust.lib`, akwai matata, wato abin tace sauti, da za ta tsame waɗannan wurare ta bar muryar malam yadda take. Janareto kuwa ba ya tsayawa daidai a 50, sai ka saka maɓallin ja da `hslider` ka riƙa bin sa da kunne.

Zai maye gurbin Cubase?

A'a. Ba a yanka waƙa ko jera ta da shi. Kuma ayyukan da ke buƙatar FFT (lissafin da ke warware sauti zuwa sassansa), irin su raba muryar mawaƙi da kiɗa, ba fagensa ba ne.

Da wace na'ura zan fara, kuma da wane harshe zan karanta?

Tsohuwar kwamfuta ta isa. Faust IDE, shafin intanet da ake rubuta Faust a ciki, yana buɗewa cikin Chrome ko Firefox ba tare da ka girka komai ba, yana kuma zana maka hoton hanyar da sautin ke bi. Ka riƙa duba hoton nan, ya fi saurin nuna kuskure. Duk da cewa Faransawa ne suka yi shi, yawancin bayanansa da Ingilishi suke, har da darussan Romain Michon da rubuce-rubucen Julius Smith na jami'ar Stanford. Fara da `os.osc(440)` ka ji sauti ya fito, ka saka masa maɓallin ƙara da ragewa, sannan ka ɗauko faifanka mai gurnani ka gwada matatar a kansa.