Katanga ba ta hana teku cin gaɓa

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar an gina katangar kankare a bakin teku, shi ke nan an tsare gaɓa. Ba haka ba ne. Katangar tana kare gidan da ke bayanta, amma igiyar ruwa in ta doke ta sai ta koma da ƙarfi, ta yashe rairayin gindinta. Maƙwabcin da ke ƙarshen katangar kuwa, shi zaizaya ke ci. Shi ya sa jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta hana gina irinsu tun 1985.

Ga shi teku ya tashi da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. A ganina, kafin a ba da izinin gini, a tilasta ja da baya daga ruwa.